Agogunan Sama da Igiyar da ke Miƙe Sarari

 Yau za mu fara ne daga bakin get, inda kowannenmu ya taɓa shan gumi. Kullum da safe akwai mai tsayawa a can da agogo a hannu yana rubuta sunayen makararru. A ce wata safiya kowa da kowa ya makara da minti biyar daidai, na gabas da na yamma, na kudu da na arewa. Mai hankali ba zai zargi ɗalibai ba, agogon mai tsaron get zai fara dubawa. Ku riƙe wannan misalin a rai, domin da irin wannan tunanin ne masana taurari suke farautar wani abu da ido bai taɓa gani ba, kuma sun fi shekara ashirin suna bin sawunsa.

A ƙarshen watan Yunin 2023, ƙungiyoyin masana daga Arewacin Amurka, Turai, Indiya, Ostireliya da Sin suka fitar da sakamakon bincikensu a lokaci guda. Abin da suka ce shi ne sun ga alamar cewa sararin da duniyarmu take ciki yana miƙewa yana takurewa a hankali, kamar ƙirjin mai barci, kuma numfashi ɗaya yana ɗaukar shekaru. Da me suka auna? Da wasu matattun taurari da ke buga lokaci.

Sai mun koma baya kaɗan kafin maganar ta zauna. Ƙarfin da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa, shi ne ke riƙe da wata a kewayen duniya. Wasu kan kira shi maganaɗisun ƙasa, amma malamin Fiziks zai ja mana kunne, domin maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa ba ya barin komai. Mu za mu kira shi ƙarfin janyowa. A 1915 Albert Einstein ya zo da sabon bayani a kansa. Ya ce abu mai nauyi lanƙwasa sarari yake yi a kewayensa, yadda mutum ke lotsa katifa idan ya zauna, sauran abubuwa kuma su bi gangaren. Shekara guda bayan haka, a 1916, lissafinsa ya nuna masa wani abu kuma: idan manyan abubuwa biyu suna kewaya juna, lotsawar ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana bazuwa kamar igiyar ruwa a tafki, da gudun haske. Ita ce igiyar janyowa. Duk inda ta ratsa, tazarar da ke tsakanin abubuwa kan ƙaru kaɗan ta wani gefe, ta ragu kaɗan ta ɗaya gefen, sannan ta juya.

Kaɗan ɗin nan fa kaɗan ne na gaske. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin a kama ta kai tsaye. Ranar 14 ga Satumba, 2015, na'urorin LIGO guda biyu a Amurka, kowace da hannuwa biyu masu tsawon kilomita 4, suka ji wucewar igiyar da ta taso daga karon wasu baƙaƙen ramuka biyu. Baƙin rami wuri ne da nauyi ya taru har haske ma ba ya iya kuɓuta daga cikinsa. Waɗancan biyun kowanne ya kai nauyin Rana wajen sau 30. Canjin da igiyar ta yi wa tsawon hannun na'urar bai kai faɗin ƙwayar furoton ba, kuma duk abin bai cika daƙiƙa ɗaya ba.

To amma akwai iyayen gidan waɗannan ramuka. Taurari a garke suke zama, kowane garke da biliyoyin taurari, kuma a tsakiyar kusan kowane babban garke akwai ƙaton baƙin rami. Na garkenmu ya kai nauyin Rana sau miliyan 4. Wanda aka nuna wa duniya hotonsa a 2019, na garken M87, ya haura sau biliyan 6. Garkuna kan yi karo su haɗe, kuma idan sun haɗe, ramukan tsakiyarsu kan gangaro su sami juna su shiga kewaya juna. Kewaye ɗaya na iya cin shekara biyu, ko goma, ko fiye. Igiyar da suke fitarwa ma haka take tafiya da nawa, kuma tsawonta daga tudu zuwa tudu tafiyar haske ce ta shekaru. Hannu mai kilomita 4 ba zai ji ta ba, kamar yadda ba a auna tsawon hanyar Kano zuwa Legas da rular cikin jaka. Ana bukatar ma'auni mai girman garken taurari. Ba wanda zai iya gina shi, sai dai a nemi wanda yake a gine.

Labarin gano shi ya faro ne a 1967 a Kambirij ta Ingila. Wata ɗalibar digirin digirgir, Jocelyn Bell, ta shafe kusan shekara biyu tana taya kafa na'urar sauraron igiyar rediyo daga sama, wadda ba komai ba ce illa sanduna da wayoyi a fili mai faɗin eka huɗu da wani abu. Na'urar takan zana abin da ta ji a doguwar takarda, wajen mita 30 kullum, ita kuma Bell ta bi ta da ido. A cikin wannan tulin takarda ta lura da wani ɗan ƙazantar zane da ke dawowa daga wuri ɗaya a sama. Da aka ƙara saurin takardar sai ga bugu yana zuwa duk bayan daƙiƙa ɗaya da sulusi, ba ya wuri, ba ya latti. Har da wasa suka laƙaba masa sunan wasu halittun wata duniya. Da ta gano na biyu a wani ɓangaren sama daban, sai aka tabbata wani irin tauraro ne. Kyautar Nobel ta 1974 malaminta Antony Hewish aka ba, tare da Martin Ryle, ba a sa sunanta ba. Mu dai a kulob ɗinmu muna ganin an yi mata ƙwange. A 2018 an ba ta wata kyautar ta dala miliyan 3, ta kuwa bayar da kuɗin gaba ɗaya don ɗaukar nauyin ɗaliban Fiziks da ba su cika samun dama ba.

Wannan tauraro shi ake kira falsa (ba shi da dangantaka da falsafa, kada wani ya rubuta haka a jarrabawa). Idan ƙaton tauraro ya cinye makamashinsa sai ya fashe, cikinsa kuma ya rufta ya dunƙule. Abin da ya rage curi ne mai faɗin wajen kilomita 20 kacal, wato zai iya zama a kan birnin Kano da kewaye, amma ya fi Rana nauyi. Cokalin shayi ɗaya na jikinsa ya kai tan miliyan ɗaruruwa. Saboda ya takure, juyawarsa ta ƙaru ƙwarai, kamar yaron da ke juyi da hannuwa a buɗe ya naɗe su a ƙirji. Daga gefuna biyu na jikinsa yana feso igiyar rediyo a tsaye. Ku ɗauka wani ya tsaya a tsakiyar filin ƙwallo da dare da tocila a hannu yana juyawa. Kai da ke bakin fili ba ka ganin hasken sai lokacin da ya haska fuskarka, sau ɗaya a kowane juyi. Bugun falsa ke nan. Akwai guda a ɓangaren sama da Kaza da 'Ya'yanta take, ragowar tauraron da masana a ƙasar Sin suka rubuta fashewarsa a 1054, yana juyawa sau 30 a daƙiƙa.

Ba kowane falsa ne ke da amana ba. Matasan cikinsu kan yi tuntuɓe, saurinsu ya canja ba zato. Waɗanda ake so su ne tsofaffin da suka daɗe suna zuƙar iskar wani tauraro maƙwabci, abin da ya zubo musu ya riƙa ingiza su har suka koma juyawa kamar mazari. Don Backer da abokan aikinsa ne suka gano na farko a 1982, yana juyawa sau 642 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya fi kowa gudu a cikin waɗanda aka sani yana yin 716. Irin waɗannan, idan aka bi su shekara da shekaru, suna gogayya da agogon atam wajen riƙe lokaci.

Falsa ma shi ya fara ba da shaidar cewa Einstein bai yi kuskure ba, tun kafin LIGO. A 1974 Russell Hulse da Joseph Taylor suka gano wani falsa da ke kewaya wani mataccen tauraro cikin awa bakwai da minti 45. Da aka bi su na shekaru sai aka ga suna matsowa kusa da juna da kimanin mita uku da rabi a shekara, daidai yadda lissafi ya ce za su yi idan igiyar janyowa tana kwashe musu ƙarfi. An ba su Nobel a 1993. Sai dai wannan sawun giwa aka gani, ba giwar ba.

Dabarar amfani da falsa wajen kama igiyar kanta ta fito ne daga Mikhail Sazhin a 1978 da Steven Detweiler a 1979. Ga yadda take. Bugun falsa yana tafiyar ɗaruruwa ko dubban shekaru kafin ya iso mu. Idan igiyar janyowa ta miƙe sararin da ke tsakaninmu da shi, bugun zai makara kaɗan. Idan ta takure shi, zai riga lokacinsa. Saboda haka sai a lissafa lokacin da ya kamata kowane bugu ya iso, a auna lokacin da ya iso, a rubuta bambancin. Rajistar makararru ce, ba wani abu ba. Sai dai lattin da ake nema ba na minti ba ne. Raba daƙiƙa ɗaya gida biliyan, kowane gida sunansa nanosakan, kuma a cikinsa haske bai wuce tafiyar santimita 30 ba, tsawon rularmu. Lattin da ake farauta nanosakan ɗari ne ko ɗaruruwa, kuma a hankali yake taruwa cikin shekaru.

Kafin a kai ga wannan ɗan mitsitsin bambanci, sai an share tulin wasu abubuwan da suka fi shi girma nesa ba kusa ba. Duniya tana kewaya Rana da gudun kilomita 30 a daƙiƙa, don haka wani lokaci muna kusa da falsa, bayan wata shida kuma muna can ɗaya gefen. Wannan kaɗai na iya kawo bambancin fiye da minti 16. Sai an cire shi, kuma cire shi na bukatar a san inda duniya take, da inda Jufita take, domin nauyinta na jan Rana kanta gefe. Sararin da ke tsakanin taurari ma ba fanko ba ne, akwai siririyar iska mai ɗauke da lantarki da ke rage wa igiyar rediyo gudu, kuma yawanta yana canjawa. Sa'ar da aka yi ita ce ta fi jinkirta wasu zangunan rediyo a kan wasu, don haka idan aka saurari falsa a zango biyu ko fiye za a iya lissafa ta a cire. Bugu ɗaya kuma ba ya kama da ɗan'uwansa sak, sai an tara dubbai an haɗa kafin siffar ta daidaita. Haka ake komawa kan kowane falsa duk bayan mako biyu zuwa wata guda, shekara bayan shekara.

To a ce an gama sharar nan duka, an ga falsa ɗaya yana makara. Wa ya sani ko shi ne ke da matsala a cikinsa? A nan ne za mu koma bakin get, kuma nan ne muka fi so ku tsaya ku karanta a nutse.

Idan ɗalibi ɗaya ya makara, matsalarsa ce. Wataƙila tayar kekensa ta yi faci. Haka falsa ɗaya. Idan kowa ya makara daidai wa daida, mun riga mun ce agogon mai tsaron get ne, wato agogon atam na nan duniya ya ɗan kauce. Idan kuwa na gabas duk suka zo da wuri, na yamma duk suka makara, sai mu ce an matsar da get ɗin ne zuwa gabas ba a sanar ba. A wajen masana, wannan na nufin sun yi kuskuren lissafin inda duniya take. Amma a ce na gabas da na yamma duk sun makara tare, alhali na kudu da na arewa duk sun zo da wuri. Bayan wasu shekaru kuma abin ya juya, na kudu da arewa su koma makara. Lalacewar agogo ba ta yin haka, matsar da get ma ba ya yin haka. Abin da zai iya yi shi ne garin kansa ya miƙe ta gabas da yamma ya tsuke ta kudu da arewa, kamar curin fura da aka matsa tsakanin tafuka biyu. Igiyar janyowa ce ke da wannan hali.

A zahiri ba igiya ɗaya ce ke wucewa ba. Ana sa ran ramuka masu kewaya juna dubbai ne ko fiye, ta kowace kusurwa, igiyoyinsu sun cakuɗe kamar hayaniyar kasuwa da ake jiyowa daga nesa ba a rarrabe muryar kowa. A 1983 Ronald Hellings da George Downs suka lissafa abin da wannan hayaniya za ta bari a rajista. Ɗauki falsa biyu. Idan suna kusa da juna a sama, za su riƙa makara tare su yi sammako tare. Idan kusurwar da ke tsakaninsu ta kai wajen digiri 90, ɗaya na makara ɗaya na sammako. Idan suna gaba da baya, ɗaya a wannan gefen sama ɗaya a wancan, sai su sake komawa tafiya tare, ko da yake ba kamar na kusa ba. Zanen wannan hawa da sauka shi ne kowa ke nema, da sunan mutanen biyu ake kiransa.

Shi ya sa yawan taurari yake da muhimmanci. Ƙungiyar NANOGrav ta Arewacin Amurka ta yi amfani da falsa 67 da ta bi na shekara 15. Kowanne an gwada shi da kowanne: 67 sau 66, a raba biyu, ya ba da tagwaye 2,211. Da aka jera su bisa kusurwar da ke tsakaninsu, sai ga hawa da saukar Hellings da Downs ta fara bayyana. Turawa, da manyan farantan sauraro a Jamus, Ingila, Faransa, Italiya da Holan, sun haɗa bayanansu da na Indiya. Ostireliya ta yi aiki da farantin Parkes mai faɗin mita 64. Sin kuma ta shigo a makare amma da farantin FAST mai mita 500, wanda babu kamarsa a duniya. Kowa ya yi lissafinsa daban, sakamakon kuma ya doshi wuri ɗaya.

Ku lura da kalmar da suka zaɓa. Ba su ce sun gano ba, cewa suka yi sun ga alama. A lissafin NANOGrav, yiwuwar a ce hayaniyar banza ce ta haɗu ta yi kama da zanen kusan ɗaya ce cikin dubu, ko ƙasa da haka. A wajenmu wannan ai magana ta ƙare. A wajen masana Fiziks kuwa, kafin a buga ƙirji sai yiwuwar ta sauka zuwa kusan ɗaya cikin miliyan uku da rabi. Wasu jaridu sun yi gaggawar cewa an ji kukan sararin samaniya. Masu aikin da kansu sun fi jaridun taka-tsantsan, kuma a ganinmu wannan ne abin koyi ga ɗan jarida, ko da na bango ne.

Ko an tabbatar da igiyar ma, da sauran tambaya: daga ina take? Mafi yawan masana sun fi karkata ga manyan baƙaƙen ramukan nan. Idan haka ne, an amsa wata tsohuwar muhawara, domin an daɗe ana tababar ko irin waɗannan ramuka suna iya matsowa kusa da juna sosai ko kuwa sukan cije a nesa. Wasu kuma na ganin wani kaso na hayaniyar zai iya zama saura daga farkon samuwar sararin samaniya. Abin da zai raba gardama shi ne a tsamo muryar ramuka biyu tak daga cikin hayaniyar, a nuna garken da suke ciki.

Aikin ba ya tafiya ba asara. Farantin Arecibo na tsibirin Puerto Rico, mai faɗin mita 305, wanda a kansa aka gano falsan Hulse da Taylor da kuma na Backer, ya rufta ranar 1 ga Disamba, 2020, bayan wayoyin da ke riƙe da na'urorinsa sun tsinke. Babban kaso na rajistar NANOGrav daga gare shi ya fito. A irin wannan bincike ba a sayen shekarun da suka wuce da kuɗi. Igiyar da ke ɗaukar shekara 15 kafin ta kammala hawa da sauka ɗaya, wanda ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare yau zai gama jami'a har ya yi bautar ƙasa ba ta gama wucewa ba.

Nahiyarmu ma tana ciki. A yankin Karoo na Afirka ta Kudu akwai MeerKAT, faranti 64 da ke aiki tare kamar kunne ɗaya, kuma sashen sama na kudu da yake kallo cike yake da falsa masu kyau. A watan Disambar 2024 masu aiki da shi suka fitar da nasu sakamakon, na falsa 83 cikin shekara huɗu da rabi, su ma sun ga alamar. Nan gaba MeerKAT zai shige cikin wata na'ura mafi girma, SKA, da aka fara ginawa a Afirka ta Kudu da Ostireliya a 2022. Kusa da mu kuma, a Kuntunse ta ƙasar Ghana, an mayar da wani tsohon farantin sadarwa mai mita 32 na'urar sauraron sama, aka buɗe shi a 2017, kuma cikin abubuwan da ya fara kamawa har da bugun falsa.

Yanzu ƙungiyoyin suna haɗa rajistocinsu wuri guda, abin da zai kai yawan taurarin sama da 100. Kafin su gama, ga aikin gida daga kulob: idan falsa 67 sun ba da tagwaye 2,211, tagwaye nawa falsa 83 na MeerKAT za su bayar? A rubuta amsa da suna da aji a ƙaramar takarda, a miƙa wa kowane ɗan kulob kafin ranar Juma'a. 'Yan ajin kimiyya, an hana ku kalkuleta.